Jakar Maganin Mai Cutar Mantuwa: Me Za a Cire, Me Za a Ƙara

Da zarar likita ya ce abin da ke damun dattijo farkon cutar mantuwa ce, iyali sukan tashi da tambaya ɗaya: wane magani za a saya? Tambayar tana kan hanya, sai dai akwai wadda ta riga ta, wato me yake sha yanzu. Da wuya ka sami wanda ya haura shekara 70 ba ya shan komai. Ga na hawan jini, ga na suga, ga na ciwon gwiwa, ga wani na barci da aka rubuta masa tun shekarun baya ba wanda ya ce a daina, ga na mura da yake saye da kansa. Sau da yawa a cikin wannan tarin akwai ƙwayar da ke ƙara dagula ƙwaƙwalwa, kuma cire ta kan yi amfanin da ya kai na sabon maganin da ake ɗokin farawa, wani lokaci ma ya fi shi. A farkon wannan cuta, ragewa da tsarawa sun fi ƙarawa muhimmanci.

A tabbatar da cutar, a san irinta

Ba kowace mantuwa ce cutar mantuwa ba. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo ta, musamman ga wanda ya daɗe yana shan maganin suga na metformin. Raunin aikin tayiroyid, wata halitta da ke wuya, yana kawo ta, haka ciwon damuwa, da raguwar ji, da taruwar jini a cikin kai bayan faɗuwar da kowa ya manta an yi. Don haka kafin a rubuta komai ana gwada jini: yawan jinin, aikin ƙoda da hanta, suga, gishirin jiki, kalsiyam, B12 da tayiroyid, sannan hoton ƙwaƙwalwa idan da hali. Rikicewar da ta zo farat ɗaya, cikin awanni ko kwanaki, ita kam wani abu ne daban. A nemi ciwon fitsari, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, ko wani sabon magani da aka fara, kuma a kai shi asibiti a ranar.

Irin cutar shi ke yanke wane magani ya dace. Cutar Alzheimer ita ce mafi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma dominta aka yi magungunan da za mu ambata. Mai irin Lewy, wanda kan ga mutane ko dabbobin da babu su, jikinsa ya yi tauri, hankalinsa ya riƙa zuwa yana tafiya, yakan amfana da su sosai. Wanda tasa ta samo asali daga lalacewar jijiyoyin jini kaɗai, maganinsa shi ne kula da hawan jini da suga da kitsen jini. Wanda cutar ta kama gaban ƙwaƙwalwarsa, inda hali ke canzawa kafin mantuwa ta bayyana, ba a ba shi waɗannan magunguna, don suna iya ƙara masa rashin natsuwa. Haka mai 'yar mantuwar da ba ta hana shi tafiyar da harkokinsa ba: an gwada a kansu, ba a ga sun hana cutar zuwa ba.

A zazzage jakar

A tattaro duk abin da yake sha, a zuba a jaka ɗaya, a kai wa likita ko mai harhaɗa magunguna. Duk fa: ƙwayoyi, na ruwa, na ɗigawa a ido, na shaƙawa, na shafawa, bitamin, saiwoyi da sassaƙe, har da wanda yake sha sai an jima. Kada a dogara da abin da zai faɗa da baki, kuma kada a dogara da takardar asibiti ɗaya, domin likitan zuciya bai san abin da likitan mafitsara ya rubuta ba.

Abu na farko da ake nema shi ne magungunan da ke toshe asetilkolin. Wannan sinadari ne da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke isar wa juna saƙo da shi, kuma shi ne ke raguwa a cutar Alzheimer. Magunguna da yawa na yau da kullum suna toshe hanyarsa: chlorphenamine da promethazine da diphenhydramine da ke cikin maganin mura da ƙaiƙayi da na barci, cyproheptadine da ake sha don buɗe ciki, amitriptyline na ciwon jijiya da damuwa, oxybutynin na yawan fitsari, hyoscine na murɗar ciki, trihexyphenidyl na karkarwa, da paroxetine. Kowanne shi kaɗai ƙila ba zai yi ɓarna mai yawa ba, amma illarsu taruwa take yi. Alamunta a jiki su ne bushewar baki, taurin bayan gida, riƙewar fitsari, dishi-dishin gani da rikicewa.

Akwai wani tarko da ake yawan faɗawa a nan. An fara maganin mantuwa na donepezil, wanda aikinsa ƙara asetilkolin ne. Bayan 'yan makonni dattijo ya fara kasa riƙe fitsari, domin sinadarin yana motsa mafitsara. Sai a je wurin wani likita, ya rubuta oxybutynin, wanda aikinsa toshe asetilkolin ɗin ne. Shi ke nan ana tufka ana warwara, ana biyan kuɗin magani biyu kowanne yana kashe ɗan'uwansa. Abin yi shi ne a koma wurin wanda ya rubuta na farko a rage shi ko a canza. A riƙe wannan ƙa'ida: duk sabuwar alama da ta ɓullo bayan fara sabon magani, maganin ake fara tuhuma kafin a ce sabuwar cuta ce.

Na biyu su ne masu sa barci da kashe jiki: diazepam, bromazepam, lorazepam, zolpidem, sai tramadol da codeine. Suna ƙara mantuwa, suna kawo faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba ƙaramin abu ba ce. To amma kada iyali su kwashe su rana ɗaya. Wanda ya yi watanni yana shan diazepam, yanke masa shi kwatsam na iya jawo farfaɗiya da gigicewa. A hankali ake ragewa, cikin makonni ko watanni, bisa tsarin likita, kuma magani ɗaya ake taɓawa a lokaci guda don a san wanne ya yi me. Likitoci suna da jerin da suke dubawa don wannan aiki, kamar ma'aunin Beers na Ƙungiyar Likitocin Tsofaffi ta Amurka wanda aka sabunta a 2023. Ba laifi ba ne a tambayi likita ko ya duba jakar da irin wannan jeri.

Ana kuma neman magani ɗaya mai suna biyu. Kamfanoni daban-daban suna fitar da sinadari ɗaya da sunan kasuwa daban da kala daban, sai dattijo ya riƙa shan duka biyun yana zaton cuta biyu yake yi wa magani. Ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna shi ake karantawa. Game da ginkgo da ake tallatawa don ƙwaƙwalwa: wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2008, mai mutum sama da 3,000, bai ga ya hana cutar ba, kuma yana iya ƙara zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin.

Magungunan mantuwar kansu

Guda uku ne ake ba mai farkon cutar: donepezil, rivastigmine da galantamine. Duk aikinsu ɗaya, hana rushewar asetilkolin don ɗan abin da ya rage ya daɗe yana aiki. Ba sa warkarwa, ba sa tsayar da mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A gwajin tunani na MMSE mai maki 30, bambancin da suke kawowa cikin wata shida bai wuce maki ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, idan aka haɗa kowa da kowa. Wasu sukan ɗan farfaɗo, su ƙara sa baki a hira, su ƙara kula da abin da ke faruwa. Wasu sukan tsaya yadda suke na 'yan watanni, wanda shi ma nasara ce a cutar da gaba take yi kullum. Wasu kuma ba a ganin komai. Iyalin da suka san haka tun farko ba za su jefar da maganin bayan mako biyu ba, kuma ba za su riƙa matsa wa likita ya ƙara ba.

Tunda ƙarfinsu kusan ɗaya ne, sauƙin sha da lafiyar jikin mutum ke yin zaɓi. Donepezil aka fi farawa da shi saboda sau ɗaya ake sha a rana. Ana farawa da miligiram 5, a yi aƙalla wata ɗaya, sannan a hau 10 idan jiki ya karɓa. Takardarsa ta ce a sha da dare, amma wanda ya fara munanan mafarkai ko kasa barci sai a mayar masa da safe, yawanci abin yakan wuce. Galantamine mai sakin magani a hankali ana farawa da miligiram 8 da safe tare da abinci, bayan mako huɗu a hau 16, wani har 24. Mai raunin ƙoda ko hanta ba ya wuce 16, idan raunin ya yi tsanani ba a ba shi sam, kuma ƙuraje suka feso a jiki a dakata a ga likita. Rivastigmine na sha ana farawa da miligiram 1.5 sau biyu a rana da abinci, ana ƙarawa a hankali har 6 sau biyu, sai dai shi ya fi tayar da zuciya, shi ya sa aka fi son na mannawa a fata.

Kafin ƙwayar farko a ƙirga bugun zuciya, minti ɗaya cur a wuyan hannu, ko a duba lambar da injin awon jini ke nunawa. Waɗannan magunguna suna rage bugun. Idan ya gaza 50 a minti ba a farawa sai an binciki dalili, haka wanda ke yawan suma ko yake da matsalar tafiyar lantarkin zuciya, shi sai an yi masa gwajin zuciya na ECG. Haɗarin ya fi yawa ga mai shan magungunan zuciya ko hawan jini irin atenolol, bisoprolol, propranolol, digoxin, verapamil ko diltiazem, har da timolol na ɗigawa a ido, wanda kusan kowa ke mantawa da shi. A sake ƙirgawa bayan an fara da bayan kowane ƙari. Jiri, suma ko faɗuwa a wannan lokacin ba tsufa ba ne, a kira likita.

Sauran abin da za a faɗa wa likita: gyambon ciki, asma ko wata cutar huhu mai toshe numfashi, farfaɗiya, da wahalar fitsari. Mai shan ibuprofen ko diclofenac kullum yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki idan aka haɗa, kuma baƙin bayan gida alama ce ta gaggawa. Wasu magunguna kamar ketoconazole da erythromycin suna ƙara yawan donepezil a jini, rifampicin da carbamazepine da phenytoin kuma suna rage shi. Idan za a yi tiyata a sanar da mai ba da maganin barci, don akwai allurar sakin tsoka da ke daɗewa fiye da kima ga masu shan su.

Tashin zuciya, amai, gudawa, rashin cin abinci da ɗaurewar tsoka sun fi zuwa a makonnin farko da lokacin ƙari, sukan lafa. Shan maganin bayan cin abinci yana taimakawa. Ramewa ita ce mai shigowa a ɓoye, don haka a auna nauyinsa kafin a fara, a riƙa aunawa duk wata a kan sikeli ɗaya. Idan miligiram 10 ya fi ƙarfinsa, komawa 5 ya fi dainawa.

Memantine hanyarsa daban, kuma an tanade shi ne don lokacin da cutar ta kai tsakiya ko ta yi nisa. A farkon cuta ba a nuna yana da amfani ba. Idan lokacinsa ya yi, miligiram 5 ake farawa, a ƙara 5 duk mako har 20, mai ciwon ƙoda mai tsanani ya tsaya a 10.

Filastar rivastigmine

Ita tana da sauƙi ga mai tashin zuciya ko mai ƙin haɗiya, amma tana da nata haɗarin. Ana farawa da mai miligiram 4.6 a awa 24, bayan aƙalla mako huɗu a hau 9.5, akwai kuma 13.3. Ɗaya ake mannawa a rana, a busasshiyar fata marar gashi: baya, damtse ko ƙirji. Ba a komawa daidai wuri ɗaya sai bayan kwana 14, in ba haka ba fatar ta yi ja ta riƙa ƙaiƙayi. Ba a yanka ta biyu, ba a ɗora abu mai zafi a kanta. Kuskuren da ya fi kai mutane asibiti shi ne manna sabuwa ba a cire tsohuwa ba, har a wayi gari da uku ko huɗu a jiki. A ciro tsohuwar a riƙe a hannu tukun, sannan a buɗe sabuwa. A rubuta kwanan wata a kanta da biro, a sa a saman baya inda hannunsa ba ya kaiwa idan mai ɓamɓarewa ne. Tsohuwar a ninke ta ta manne da kanta a jefar inda yaro ba zai samu ba, akwai sauran magani a jikinta.

Sababbin da ake ƙarin ruwa da su

Lecanemab, wanda hukumar FDA ta Amurka ta ba cikakken izini a Yulin 2023, da donanemab da ya biyo baya a Yulin 2024, suna kwashe sinadarin amiloyid da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Ta jijiya ake fara ba da su, na farko duk mako biyu, na biyu duk mako huɗu, kuma ga mai farkon Alzheimer kaɗai wanda aka tabbatar da amiloyid ɗin ta hoton PET ko gwajin ruwan laka. A binciken lecanemab mai mutum 1,795, saurin taɓarɓarewa ya ragu da kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Lambar tana da daɗin ji, amma a ma'auni mai maki 18 ƙasa da rabin maki ne. A ɗaya ɓangaren, kusan mutum 13 cikin ɗari sun sami kumburin ƙwaƙwalwa, wasu da ƙananan zubar jini. Yawanci a hoto kawai ake gani, amma akwai waɗanda suka mutu. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya gaji ƙwayar halittar APOE4 daga uwa da uba, da mai shan maganin tsinka jini. Inda babu damar yin hoton ƙwaƙwalwa na MRI akai-akai, maganar waɗannan magunguna ba ta taso ba, kuma wanda bai same su ba bai yi asarar waraka ba.

Idan ya fara faɗa ko hana barci

Nan ne ake saurin neman abin da zai kwantar da shi, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Tun 2005 FDA ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan magungunan taɓin hankali irin risperidone da olanzapine da quetiapine, saboda mutuwa ta ninka kusan sau 1.6 zuwa 1.7 a tsofaffi masu cutar mantuwa da aka ba su. A 2008 aka haɗa da tsofaffin irinsu kamar haloperidol. Suna kuma ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Mai irin Lewy kuwa ƙwaya ɗaya ta haloperidol na iya sandarar da shi, ta kai shi gargara.

Tsawa da fushi yawanci suna da dalili: ciwon da ya kasa bayyanawa, taurin bayan gida, mafitsara a cike, ciwon haƙori, yunwa, hayaniya, ko tabarau da na'urar ji da aka daina sa masa. A bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Wani bincike a gidajen kula da tsofaffi na Norway a 2011 ya nuna cewa ba da maganin ciwo a kan tsari, farawa da farasitamol, ya rage rashin natsuwa a masu cutar da ta yi nisa. Idan har ana tsoron ya ji wa kansa ko wani ciwo, likita zai iya ba da risperidone kaɗan, miligiram 0.25 sau biyu a rana, da sharaɗin a sake dubawa kada a wuce mako shida. A rubuta ranar dubawar tun ranar farawa, don irin wannan magani ne ke shiga jaka ya shekara ba wanda ya tuna dalilinsa.

Waɗanda kuskurensu ke kisa

Mantuwa ta ƙwayar bitamin ba komai. Amma akwai magungunan da ya kamata a karɓe ragamarsu tun yana ganin kamar yana iyawa. Insulin, idan ya yi allura ya manta ya sake yi, ko ya yi bai ci abinci ba. Glibenclamide, wanda ke faɗar da suga na tsawon awanni kuma ba a son sa ga tsofaffi. Warfarin da sauran masu tsinka jini. Digoxin. Methotrexate, wanda sau ɗaya ake sha a mako, shan sa kullum yana kashewa. Farasitamol ma yana ciki: iyakarsa giram 4 a rana, ƙasa da haka ga wanda bai kai kilo 50 ba, ga shi kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura.

A tambayi likita ko za a sassauta burin suga, domin ga mai cutar mantuwa faɗuwar suga ta fi ɗan hawansa haɗari, kuma likitoci da yawa sukan yarda da HbA1c, wato gwajin matsakaicin suga a jini, da bai wuce kashi 8 ba. Hawan jini kuma a auna shi a kwance bayan hutun minti biyar, a sake aunawa a tsaye. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, maganin ya yi yawa ko jiki ya bushe, kuma faɗuwa na nan tafe.

Tsarin gida

A farkon cuta mutum yana da hankalin yanke shawara a kan lafiyarsa, kuma haƙƙinsa ne a yi da shi. A zauna da shi, a yi masa bayanin abin da maganin zai iya da abin da ba zai iya ba, a tambaye shi wa yake so ya riƙe masa ragama idan abin ya yi nisa. Tsarin da aka kafa da yardarsa yanzu shi zai saba da shi. Wanda aka ƙaƙaba masa bayan shekara biyu zai ɗauka sata ake yi masa ko guba ake ba shi.

Mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin magani. Gidan da 'ya'ya uku ke bayarwa, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya bayar, ko kowa ya bayar. Wannan mutum shi zai riƙe takarda ɗaya mai sunan sinadarin kowane magani, ƙarfinsa, lokacin sha, dalilinsa, wanda ya rubuta da ranar farawa, da abin da jikinsa ba ya so. Kwafi ɗaya a bango, ɗaya a aljihun dattijon, hoton ɗaya a waya. A riƙa karɓar magani daga wuri ɗaya mai rajista, don mai harhaɗawa ya ga komai tare. A roƙi likita ya rage lokutan sha. Tsarin sau huɗu a rana ba ya ɗorewa, kuma yawancin magunguna ana iya tattara su safe da dare.

Akwatin ƙwayoyi mai gidaje na kwana bakwai yana da amfani, a cika shi rana ɗaya tsayayya a mako, da takardar a gaba, wani ya sake dubawa. Amma yana da iyaka. Wanda bai san yau wace rana ba ce zai buɗe kowane gida, ko ya shanye na kwana uku a zama ɗaya. A ajiye agogo mai nuna rana kusa da shi, idan hakan ya daina aiki a koma ba shi na yini ɗaya kawai. Wasu magunguna ba a fitar da su daga takardarsu saboda danshi, kamar dabigatran da sodium valproate da masu narkewa a baki, a tambayi mai harhaɗawa. Ragowar magunguna duk a kulle, a wuri mai sanyi marar danshi, ba banɗaki ba, ba kusa da murhu ba. Waɗanda aka daina da waɗanda suka lalace a fitar da su daga gidan gaba ɗaya.

Ƙararrawar waya takan yi aiki na ɗan lokaci, daga baya sai ya kashe ta ya ci gaba da abin da yake yi. Ɗaure magani da abin da ya saba, kamar karin kumallo ko goge haƙori, ya fi ƙarko. Mai kira daga nesa kada ya tambaya "Baba, ka sha magani?", amsar kullum "na sha" ce, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka ya tuna. Ya ce "Baba, ɗauko na yau mu sha yanzu", ya tsaya a layi har ya haɗiye. Hanya mafi gaskiya ta sanin halin da ake ciki ita ce ƙirga: an karɓo ƙwaya 30, bayan kwana 10 ya kamata a ga 20. Idan 27 aka gani ba ya sha, idan 12 aka gani yana maimaitawa, kuma lokacin a tsaya a kansa ya yi. A duba ƙarƙashin matashi da aljihu, can ƙwayoyin da aka tofar suke taruwa.

An manta, an maimaita, ko ya ƙi

Idan an tsallake donepezil rana ɗaya a bar shi, a ba da na gobe a lokacinsa, kada a haɗa biyu. Yana daɗewa a jini, kusan awa 70 kafin rabinsa ya fita, don haka rana ɗaya ba ta da illa. Idan an yi mako ba a sha ba a tuntuɓi likita. Rivastigmine da galantamine sun fi tsanani: bayan kwana uku ba a sha ba, komawa kan babban awo na iya jawo amai mai tsanani, sai an sake farawa daga ƙasa.

Alamun maganin ya yi yawa a jiki su ne amai, dalalar miyau, gumi, raguwar bugun zuciya, kasala, suma ko farfaɗiya. A cire duk filastar da ke jiki, a kai shi asibiti da kwalin maganin a hannu. Kada a sa shi amai da gangan.

Idan ya ƙi sha kada a yi jayayya. A janye, a dawo bayan minti 20 ko rabin awa, ƙwaya ɗaya-ɗaya, yana zaune a miƙe da ruwa a hannu. A nemi dalili, ƙila girman ƙwayar ne, ko ɗacinta, ko ciwon baki, ko tana tayar masa da zuciya bai iya faɗa ba. Ba kowace ƙwaya ake dakawa ba. Mai sakin magani a hankali, irin galantamine na sau ɗaya a rana ko nifedipine mai dogon aiki, idan aka daka ta maganin yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya. Akwai donepezil mai narkewa a baki, akwai memantine na ruwa. Ɓoye magani a abinci bai dace da wanda ke da hankalin cewa a'a ba, kuma ranar da ya gano zai daina yarda da abincin ma. Idan cutar ta yi nisa, shawara ce da likita da iyali za su yanke tare su rubuta.

Dubawa da dainawa

Kafin a fara a rubuta abu uku ko huɗu da yake iya yi yanzu da kansa da waɗanda suka fara gagararsa: sa tufafi, amfani da waya, bin hira, gane hanyar gida. Da wannan za a auna, don ido ba ya ganin canji a wanda ake tare da shi kullum. A koma wurin likita bayan wata ɗaya don bugun zuciya da illoli, bayan wata uku don ganin amfani, daga nan duk wata shida, da jakar gaba ɗaya kowane zuwa.

Tsanantar cutar ita kaɗai ba dalilin daina donepezil ba ce. Binciken DOMINO da aka yi a Birtaniya aka buga a 2012 ya nuna waɗanda aka ci gaba da ba su sun fi waɗanda aka yanke wa, a tunani da ayyukan yau da kullum, duk da cutarsu ta riga ta yi nisa. Dalilan dainawa su ne suma, raguwar bugun zuciya, ramewar da ta ƙi tsayawa, ƙin sha da ya zama faɗa kullum, ko kusantowar ajali. In ba gaggawa ba ce, a hankali ake sauka, daga miligiram 10 zuwa 5 na wata ɗaya sannan a tsaya, ba a taɓa wani magani a tsakanin ba. A sa ido na mako huɗu zuwa shida, idan aka ga ya rikice fiye da da, a sanar da likita da wuri don a mayar da shi daga ƙaramin awo.